Shekarar da Innarku Ta Ɗauki Sungumi

Babangida, har yanzu akwai tabo a girarka ta hagu, kuma ban manta faɗan da ya jawo shi ba. Wani yaro ne ya ce maka ɗan Mai Sungumi a bakin rijiya, ka kama shi da kokawa. Da ka dawo gida na yi maka dukan da ya fi na faɗan, ban kuwa gaya maka dalili ba. Ƙannenka ma kowa ya sha nasa a kan sunan nan. Yanzu da ido ya fara gajiya nake so in rubuta muku yadda innarku ta same shi, domin abin da ake faɗa a gari rabi ne, ɗaya rabin yana wajena, ni na ɓoye shi. Karatuna bai wuce allo da aji huɗu ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

A lokacin ina lebura a makarantar kwana ta gwamnati da ke gabas da garinmu, a kan hanyar Tsanyawa. Aka tura ni gidan wani malami Ba'indiye mai koyar da lissafi, wanda duk gari ba mai iya faɗin sunansa, sai Mai Lissafi. Mutum ne siriri mai tabarau, ba ya cin nama, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ranar da na fara aiki ya tafi aji ya ce in gyara bayan gida. Na zaga na ga wani fili shimfiɗaɗɗe, ƙiri-ƙiri ya cinye shi kaf. Duk manomi ya san ƙiri-ƙiri, ciyawar da in ka bar gaɓa ɗaya a ƙasa sai ta dawo da 'ya'yanta. Na ce yau zan nuna wa baƙon nan ɗan wa ya ɗauka. Kafin azahar na nome kusan rabi, na tara saiwoyin gefe guda don su bushe a ƙone. Da ya dawo ya tsaya ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Shekara guda ya yi yana dasa ciyawar nan da hannunsa, filin wasan tanis yake yi.

Bai kore ni ba. Ya ce tunda na san yadda ake kashe ta, to na san yadda take rayuwa. Mu biyu muka durƙusa muka mayar da ita gaɓa gaɓa. Daga nan filin ya zama nawa. Ni ke ba shi ruwa, ni ke tura injin yanka, ni ke birgima ganga mai siminti a kansa har ya kwanta kamar tabarma, ni ke ja masa layi da farar ƙasa. Ba yabon kai ba, malaman da suka zo daga birni sun ce ko a can ba su ga irinsa ba. Da ya rasa abokin wasa sai ya miƙo mini raket, abin buga ƙwallon, ya ce in tsaya bayan raga. Wata uku ina harba ƙwallo cikin gonar makaranta, a na huɗu na fara mayar masa. Kakanku ya ce shi dai a duniya bai taɓa jin an ɗauki ɗan manomi aikin kiwon ƙiri-ƙiri ba sai a kaina. Kakarku kuwa ba ta ga laifin aikin ba, domin yankakkiyar ciyawar da nake kawowa a buhu ita ta riƙe mata awaki.

Duk shekara, daidai faɗuwar damina, akwai babbar gasar tanis da ake yi a Ingila a kan ciyawa. Mai Lissafi ya bayyana mini cewa manyan 'yan wasa kai tsaye suke shiga, amma ƙanana sai sun yi wasan share fage a wani fili dabam, inda ba 'yan kallo sosai. Sai mutum ya ci sau uku a jere kafin a buɗe masa ƙofa, in ya faɗi sau ɗaya ya tattara kayansa ya koma ƙasarsu. Ya ce 'yan ƙasarsu yawanci a nan suke ƙarewa, wani ma da ƙyar yake haɗa guzurin jirgi. Wannan magana ta shige ni. Ban damu da manyan ba ko kaɗan, waɗannan na bakin ƙofa su na ɗauka nawa. A shekarar da nake ba ku labari su uku ne. Ya nuna mini hotunansu a wata tsohuwar jarida da aka aiko masa, na sa musu suna Dogo da Auta da Bahago. Bahago shi ne nawa, don da hagu yake bugu, kamar yadda nake riƙe fartanya.

Shekarar kuwa ita ce ta biyu a fari. Ku da kuka taso daga baya ba ku san ta ba, kuma ba na muku fatan sani. Rumbuna sun zama ɗakin kaji, mata suna tankaɗe dusa sau biyu. Yayana Musa ya tafi cin rani kudu, damina ta zo bai dawo ba. Kakanku kuma yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya gane mutum da murya. Ni kaɗai ne namiji mai ƙarfi a gandunmu. Mun yi binne tun kafin ruwa, aka yi yayyafi ɗaya, gero ya tsiro ya ƙone. Abin da ya rage na iri ƙwarya ɗaya ce a tukunyar kakarku, ta liƙe bakin da laka don kada yunwa ta sa mu ci. Kakanku ya ce wannan ba za a taɓa shi ba sai ruwan da ya jiƙa ƙasa kamu guda, kuma in ya zo, ranar za a shuka, don ƙasarmu jigawa ce, kwana biyu ta sha iska ta bushe.

Innarku Hadiza tana cikin kulle. Mahaifinta, Malam Garba, limamin unguwarsu ne, kuma da zai ba ni ita a gaban mutane ya ce ba gona, ba rijiya, ba kasuwa, na ce na ji na karɓa. Shekara uku a gidanmu ko maƙwabta ba su san tsawonta ba. Kai Babangida kana bayanta, ba ka fara tafiya ba.

Aka fara wasan ranar Litinin. Da la'asar sakaliya mukan zauna a barandar Mai Lissafi, ya ɗora rediyo a gwiwa yana murɗawa har ya kamo tashar ƙasarsu, ta zo ta tafi kamar ana magana cikin tulu. Labarin wasan bai fi numfashi biyu ba a ƙarshen labarai. Ran Litinin Dogo ya faɗi. Ran Talata ba su ce komai ba, muka zauna kamar an yi mana rasuwa. Ran Laraba aka ce Auta ya fita a zagaye na biyu, Bahago kuwa ya ci biyu, saura ɗaya. Mai Lissafi ya miƙe ya zaga kujera ya dawo ya zauna. Ya ce wannan ba zai jira rediyo ba, gobe ba shi da aji, zai hau babur ya tafi Kano wajen wani ɗan ƙasarsu mai kantin yadi, yana da tarho, kuma yana da ƙane a Ingila da ke zuwa filin. Ya ce in ina so in zo. Na ce ko da ƙafa ne.

Muka wayi gari Alhamis an yi ruwa. Kakanku ya fita tsakar gida da lalube, ya tura hannu cikin ƙasa, ya ce ya wuce kamu. Kakarku ta fasa lakar bakin tukunya. Ko'ina ka juya maza ne da sungumi a kafaɗa, yara na bin su da ƙore. A makaranta al'ada ce ranar ruwan shuka a saki leburori, ba sai ka roƙa ba. Na ce wa kakanku bari in je in sanar in dawo. Wallahi da niyyar dawowa na fita. Amma da na isa na tarar Mai Lissafi ya fito da babur yana ɗaure hular kwano. Shi da kansa ya tare ni.

"Habu, an yi ruwa. Kai tafi gona. Ni zan kawo maka labari."

"Ai mun gama, yallaɓai," na ce. "Tun shekaranjiya muka binne."

Ga ƙaryar farko, kuma ba wanda ya matsa mini in yi ta. A raina na ce zuwa azahar mun dawo, in kama shuka da yamma, danshi bai tafi ba. Hanya ta yi laka, rabin tafiyar tura babur na yi, sai bayan azahar muka shiga Kano. Mai kantin ya zaunar da mu a kan bandir ɗin yadi, ya ba mu shayi mai kayan yaji, ya yi ta juya tarho har ya samu. Ya saurara, ya ajiye, ya yi dariya. Wai a can ma ruwa ake yi, an rufe filin, an ɗage wasa sai gobe. Mu muna roƙon ruwa shekara biyu, su ruwa ya hana su aiki. Mai Lissafi ya ce shi zai kwana, amma ni in ina da abin yi a gida ya sa ni a mota yanzu. Sau biyu ke nan Allah ya buɗe mini hanya ta bakin mutumin nan. Na ce ba abin da nake da shi.

Abin da ya faru a gida daga baya na ji shi, daga bakin kakarku. Sun jira ni har rana ta take. Kakanku ya aika maƙwabta, kowa ya ce sai ya gama tasa, kuma ba laifinsu, kowa ƙwaryarsa ta ƙarshe ce a hannunsa. Da yamma ya sa kakarku ta ja shi gona, ya ɗaga sungumi da kansa, sara na biyar ya samu babban yatsansa na ƙafa. Aka dawo da shi yana jini. Da safiyar Juma'a kakarku ta duba ƙasa ta ga samanta ya fara fari. Tana tsugune tana kallo sai ta ga innarku ta fito daga ɗaki, ta ɗaure ka a baya, ta ci ɗamara da gyale, ta nufi inda sungumi yake jingine. Kakanku ya ji ƙarar ƙarfen, ya tambaya wa ke nan. Da aka gaya masa ya ce ta ajiye, shi ba zai iya haɗa ido da Malam Garba ba.

"Baba, ka yi mini aikin gafara," in ji ta. "In ya dawo ni zan amsa. Ƙasar ce ba za ta jira shi ba."

Ba ta taɓa riƙe sungumi ba a rayuwarta, a gidan malamai ta tashi. Ta yi gaba tana sara, kakarku na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Kun san inda gandunmu yake, a bakin hanyar da ke zuwa masallacin Juma'a. Da hantsi ya yi mutanen ƙauyuka huɗu suka fara wucewa cikin fararen riguna, kowa ya ga 'yar liman, matar kulle, da goyo, tana saran shuka. Wasu suka kau da kai, wasu suka tsaya. Malam Garba ma ta nan ya bi a kan kekensa. Kakarku ta ce bai tsaya ba, innarku kuma ba ta ɗaga kai ba. Ba ta sauka ba sai da ƙwarya ta ƙare, gab da la'asar, tafin hannunta duk ya fashe.

A daidai wannan lokaci ni ina kan bandir ɗin yadi. Tarho ya yi ƙara, mai kanti ya ɗauka, ya ɗaga hannu sama. Bahago ya ci, bayan an kai ruwa rana, ya shiga babbar gasa. Mai Lissafi ya rungume ni, tabaransa ya faɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba, har na ji kamar ni aka buɗe wa ƙofar. Da wannan murnar na hau bayan babur. Sai da muka fara wuce gonaki, na ga kowacce da sawun shuka, sannan na tuna da tamu. Ya sauke ni a mararraba, na bi ta gandu. Na tarar an shuke shi tun daga kan iyaka har bakin kuka, layukan a karkace, wani rami kusa wani nesa. Na tsaya ina tunanin wane maƙwabci ne bai iya sara ba haka.

Kakanku yana zaune a zaure da ƙafa a naɗe. Na yi sallama ya amsa, ya ce in shiga in ga hannun matata, sannan in zo in gaya masa abin da na samo a birni. Na shiga. Tana zaune kakarku na shafa mata man kaɗe. Ta ce mini sannu da zuwa, akwai ruwa a buta. Ban koma zauren ba.

Washegari Malam Garba ya aiko a kira ni. Zaurensa cike da almajiransa manya da dattawan unguwa. Ya ce tambaya biyu zai yi mini, da iznina 'yarsa ta fita, kuma ina nake. Na duba fuskokin nan. In na ce da iznina, na karya alkawarin da na ɗauka a gabansu. In na faɗi inda nake, har in mutu ni ne wanda ya bar shuka ya tafi jin labarin ƙwallon Indiyawa. Sai na ce ban ba ta izni ba, ban ma sani ba, Ba'indiyen ne ya tsare ni da aiki ya hana ni tafiya. Magana ɗaya, na kayar da mutum biyu, wadda ta ceci gidanmu da wanda sau biyu yana cewa in tafi gona. Malam Garba ya ce to, tunda ba ta jin maganar miji, ta dawo gida ta sake koyo. Da yamma aka zo aka tafi da ita, da kai a bayanta. Ta san ƙarya na yi, don kakarku ta gaya mata ranar shuka ba a riƙe lebura. Amma ba ta tona ni ba.

Daga ranar sunan ya bi ta. Mai Lissafi kuma ya ga masu kawo masa nono da ƙwai sun daina, in ya yi gaisuwa a hanya a amsa masa a ciki. Ya tambaye ni ko ya yi wa mutane wani abu, na ce halin ƙauye ne. Bayan shekara ɗaya, da abubuwa suka ƙara tsanani, malamai Indiyawa suka yi ta komawa gida, shi ma ya tafi. Ya bar mini raket ɗinsa. Bai taɓa sanin abin da na ɗora masa ba, kuma ban san inda zan same shi in nemi gafara ba. In yana raye Allah ya ba shi lafiya, in ya mutu to haƙƙinsa yana wuyana.

Damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke kusan kwana ashirin bayan wannan shuka. Wanda bai shuka a ruwan nan ba bai samu komai ba. Namu ya riga ya kafa saiwa, ya jure. Ni kaɗai na yi noman fari da maimai, ina bin karkatattun layukan nan, kowane rami ina sanin hannun da ya sare shi. Da kaka muka ɗaure abin da ya kai mu wata damina, har kakarku ta ɗebi iri ta ba gidaje da yawa, ciki har da na waɗanda suka tsaya kallo ran Juma'a. Irin geron da kuke shukawa yau jikan wancan ne. Duk wanda ya ci tuwo a gidan nan, ya yi karatu, ya yi aure, daga ramukan nan ya fito. In aka sake ce muku 'ya'yan Mai Sungumi, ku amsa da ƙarfi. Ni ban san wata sarauta a garin nan da ta kai wannan suna ba.

Ranar da muka ɗaure damin ƙarshe na ɗauki ɗaya a ka na kai zauren Malam Garba. Na tarar shi kaɗai ne. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da shayin da na sha. Ya ce a gaban jama'a na yi ƙarya, a gaban jama'a zan warware ta, ranar Juma'a a ƙofar masallaci. Na ce to. Sai muka ji murya daga bayan asabari, ashe innarku tana tsaye.

"Malam, a bar shi. Ni an riga an sa mini nawa, na kuma iya ɗauka. In aka sa masa nasa, yaron nan ba shi da inda zai sa kai, uwa abin magana, uba abin dariya."

Malam Garba ya ce ita aka zalunta, in ta yafe shi ba shi da ta cewa. Ni kuwa ina shaida muku daɗi na ji. Na fake a bayan maganarta shekara da shekaru, ina jin ana kiranta da sunan, ina dukan 'ya'yana don sun yi faɗa a kai. Sai bana, da na ce mata zan rubuta, ta ce yanzu kam kun girma, kowa ya iya ɗaukar uban da Allah ya ba shi.

A ranar aka ba ni ita. Muka kamo hanya ina gaba tana baya, kai kana barci a goye. Muka yi ta tafiya har muka zo daidai gandu, an girbe, sai karan da ke kwance. Na ji ta tsaya, ni ma na tsaya. Na ɗauka yanzu za ta faɗi abin da ta haɗiye wata huɗu, na shirya in ji. Sai ta ce, wannan mutumin da na tafi dominsa, ya ci ko bai ci ba. Duk garin nan ba wanda ya taɓa tambayata sai ita. Na ce ya ci, ya shiga, amma wasan farko a babbar gasar aka fitar da shi.

Ta gyara goyo, ta dubi gonar tun daga iyaka har bakin kuka.

"Allah sarki," ta ce. "Ni kuwa nawa ya kai kaka. Mu je, Malam, rana na faɗuwa."